Masu yarda a ɗiga musu tarin shiƙa a hanci, da tsohuwar shasshawar kakanninmu



Makon jiya wani saƙon murya ya yi ta yawo a wayoyin mutane, har ya iso fadar da nake zama da yamma a Zango. Mai maganar yana rantsuwa wai a Ingila ana biyan mutane kuɗi a sa musu cuta a hanci, kuma wai wannan ya isa hujja a kan abin da ya daɗe yana faɗa game da allurar yara. Aka yi ta gardama har shayi na uku ya huce. Wasu suka ce ƙarya ce tsagwaronta, babu mai hankalin da zai yarda. Wani ɗan kabu-kabu kuwa cewa ya yi shi dai a faɗa masa nawa ake biya.

To, rabin maganar gaskiya ce. Tun 2017 ake wannan aiki a asibitin jami'ar Southampton da ke kudancin Ingila. Ana neman baligai masu ƙoshin lafiya, a yi musu bayani, su sa hannu, sannan a ɗiga musu ƙwayoyin tarin shiƙa masu rai a hanci. Inda mai saƙon ya kauce hanya shi ne da ya haɗa wannan da allurar da ake yi wa yaranmu a wurin awo, wadda ƙwayoyin tarin da ke cikinta matattu ne. Ya kuma kauce da ya ɗauka cewa sa wa mutum cuta da gangan wata sabuwar dabara ce ta Turawa. Kakanninmu sun riga su, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe.

Amma da farko ita kanta cutar. Duk uwar da ta taɓa kwana da yaro mai tarin shiƙa ba ta bukatar a yi mata bayani. Yakan fara kamar mura, mako ɗaya ko biyu, sai tari ya zo a jere ba numfashi, fuska ta yi ja, idanu su firfito, sannan yaro ya ja iska da wannan ƙara da kowa ya sani, sau da yawa amai ya biyo baya. Yakan ɗauki wata biyu zuwa uku, shi ya sa a Sin ake ce masa tarin kwana ɗari. Babban yaro yakan wahala ya tashi. Jariri sabon haihuwa shi ne abin tsoro, don shi wani lokaci ko tarin ba ya yi, numfashin ne kawai ke tsayawa, leɓe ya canza launi. Wani ƙiyasi da masana suka yi na shekarar 2014 ya nuna yara ƴan ƙasa da shekara 5 kimanin 160,000 ne cutar ta kashe a duniya a wannan shekara, fiye da rabinsu a Afirka.

Yanzu mu koma baya. Zangon nan da muke zaune ai sunansa ya faɗi aikinsa: masaukin ayari ne. A wajen ganuwar Birni fataken Agadas da Gat da Gadamas suke sauke raƙuma, kayan da suka taso tun daga Tarabulus su wuce Kano ko Kukawa. Ayari kuwa ba gishiri da takarda da tufafi kaɗai yake ɗaukowa ba. Yana ɗauko agana, wadda wasu ke kira ƴan rani, ita ce babbar annobar wancan zamani, mai kashe mutum biyu ko uku cikin goma da ta kama, ta bar sauran da zanzana a fuska ko makanta. Yana kuma ɗauko dabarar kauce mata.

Dabarar ita ce a nemi wanda agana ta kama da sauƙi, a ɗebo ruwan ƙurjinsa, a tsaga fatar mai lafiya da aska ko tsinin wuƙa, a shafa. Mutum zai yi zazzaɓi, ƙuraje su fito, amma galibi ba kamar na wanda ya shaƙi cutar ba, in ya tashi kuma ya rabu da ita har abada. A 1728 jakadan Tarabulus a Landan, Ƙasim Aga, ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Ingila bayanin yadda mahaifinsa ya kwashe shi da ƴan'uwansa suna yara ya kai su gidan wata yarinya mai agana, aka tsaga musu duka rana ɗaya. Ya ce a Tarabulus da Tunis da Aljaza'ir abin ya tsufa har ba wanda ya san farkonsa, kuma cikin mutum ɗari da aka tsaga wa da kyar biyu ke mutuwa, alhali cikin ɗarin da cutar ta kama da kanta wajen talatin ke tafiya. Kusan shekara ɗari bayan haka, Bature Dixon Denham da ya zauna a Kukawa a 1823 da 1824, zamanin Shehu Laminu, lokacin da Damagaram ke kai gaisuwa Borno, ya rubuta cewa mutanen can sun san wannan tsaga, da tsinin wuƙa suke yin ta. Wato daga bakin teku har gabar tafkin Cadi abin sananne ne, mu kuma muna tsakiyar hanyar. Har yau in ka ji tsohuwa ta ce za a kai yaro shasshawa, ko ta nuna maka lambar da ke damtsenta, kalmomin daga tsaga fata suka fito, ba daga allura ba.

Wani abin da ya kamata ƴan lakwal su sani: Amurka daga bakin bawa ɗan Afirka ta fara jin wannan ilimi. A 1706 aka ba wani limamin coci na birnin Boston, Cotton Mather, kyautar bawa, ya raɗa masa suna Onesimus. Da ya tambaye shi ko ya taɓa yin agana, sai bawan ya nuna masa tabo a hannu, ya ba shi labarin yadda ake yi a ƙasarsu. Masana har yau suna saɓani ko daga Fezzan ya fito ko daga gabar Gana ta yau. Da agana ta faɗa wa Boston a 1721, likita guda ne, Zabdiel Boylston, ya yarda ya gwada. Sauran likitoci suka yi ca, har da masu cewa yaya za a ɗauki maganar bayi, wani ma ya jefa bam cikin gidan Mather. Da annoba ta lafa aka yi lissafi: kusan mutum 5,900 ta kama, 844 suka mutu. Cikin mutum 240 da ɗoriya da Boylston ya tsaga wa, 6 ne suka mutu.

Sai dai fa kada mu yi wa shasshawar dā kwalliyar da ba ta da ita. Tana da aibi biyu. Na farko, wanda aka tsaga wa agana ce ta gaske a jikinsa, yana iya shafa wa maƙwabci, sai annoba ta tashi daga gidan da aka je neman tsari. Na biyu, ba a tambayar wanda za a yi wa. Boylston da ɗansa ɗan shekara 6 ya fara, da bayinsa biyu, ɗaya ma yaro ne ƙarami. A Landan a wannan shekara ta 1721 fursunoni shida na kurkukun Newgate aka gwada wa, da alkawarin za a sake su. Edward Jenner da ake yi wa kirari da uban rigakafi, a 1796 ɗan mai yi masa aikin lambu ya samu, James Phipps, ɗan shekara 8, ya tsaga masa ƙurjin shanu, bayan makonni ya sa masa aganar gaske don ya ga ko ta kama. Ba ta kama ba, duniya ta amfana. Amma ku lura da jerin: ɗa, bawa, fursuna, ɗan mai aiki. Duk mutanen da ba su da bakin cewa a'a.

Rigakafin Jenner ne ya iso mana ta hannun Faransawa bayan sun ci Damagaram a 1899, kuma kowa ya ji labari wurin tsofaffi yadda ake tara mutane ta hannun masu gari, da yadda wasu ke ɓoye yara in an ji masu lamba sun sauka. Shi ne dai, da kamfen ɗin da aka fara a 1967 a ƙasashen yammaci da tsakiyar Afirka, ya kawar da agana. An ga ta ƙarshe a yankinmu a Najeriya a 1970, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta shelanta ƙarewarta a 1980.

Shi ma tarin shiƙa tarihinsa bai kuɓuta daga wannan ɗabi'a ba. A 1906 ne Jules Bordet da Octave Gengou suka iya rainon ƙwayar cutar a Beljiyam, daga majinar ɗan Bordet ɗin da kansa, shi ya sa ake kiranta Bordetella. A 1933 wani likita a Amurka, Hugh Macdonald, da matarsa Edith suka wallafa abin da suka yi da yara maza huɗu, ƴaƴan cikinsu. Biyu an yi musu rigakafi, biyu ba a yi musu ba, aka sa wa dukkansu ƙwayar a hanci da maƙogwaro. Biyun da ba su da rigakafi suka kwanta da cikakken tarin shiƙa, makonni suna fama. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai in rasa abin cewa, domin a wancan lokaci babu maganin cutar. Rigakafin da ya tabbata kuwa ba ta wannan hanya ya zo ba. Mata biyu ne a jihar Michigan, Pearl Kendrick da Grace Eldering, suka bi gida-gida a shekarun 1930 suna karɓar tarin yara a faranti, suka haɗa allura, suka gwada ta da yardar iyaye. Daga baya wata baƙar fata, Loney Gordon, ta taimaka musu wajen zaƙulo irin ƙwayar da ta fi dacewa.

Bayan yaƙin duniya na biyu, da aka ga ta'asar da likitocin Hitila suka yi wa fursunoni, aka rubuta ƙa'idojin Nuremberg a 1947, kuma ta farkonsu ita ce yardar mutum, yarda ta wanda ya fahimta kuma ba a tilasta shi ba. Rubutawa daban, aikatawa daban. Mu nan ba sai an ba mu labarin nesa ba. A 1996, shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna a arewacin Najeriya bayan ya yi tamu a Nijar a 1995, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a kan yara 200. Kusan rabi aka ba su sabon maganin, rabi tsohon. Yara 11 suka mutu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗayan. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne. Aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. A Kano ba a sa wa kowa cuta ba, yaran da cutarsu suka zo. Abin da ya ɓata shi ne tambaya. Kuma wanda maciji ya sara in ya ga igiya sai ya gudu: da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a Kano a 2003, labarin Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, cutar kuma ta tsallako iyaka ba ta nemi biza ba. Don haka mai saƙon muryar nan ban ɗauke shi mahaukaci ba. Tsoronsa yana da asali, lissafinsa ne bai fita ba.

Mu dawo Southampton mu ga yadda ake yi. Ba a ɗaukar yaro, ba a ɗaukar mai ciki, ba a ɗaukar wanda ke zaune da jariri ko da mai raunin jiki. A zagayen farko mutum 34 aka ɗauka, ƴan shekara 18 zuwa 45. Kowa da ɗakinsa a killace, kwana 17, mai shigowa sai da takunkumi da safar hannu. Kun ga aibin farko na shasshawa ke nan aka toshe. An fara da ƙwayoyi kaɗan ana ƙarawa, har aka kai 100,000, inda aka ga ta zauna a hancin mutum takwas cikin goma. A kai a kai ana wanke hanci a ɗauki ruwan a duba, ana ɗibar jini. A rana ta 14 sai a fara ba su azitromisin, maganin da ke kashe ƙwayar, kafin a sallame su. Ba wanda ya yi cikakken tarin shiƙa, iyakaci ɗan toshewar hanci ko tari mara ƙarfi. Kuma duk wanda ya ce ya fasa, ana ba shi magani ya fita daga gwajin. A birnin Halifax na Kanada ma ana irin wannan aiki.

Me ake nema da wannan wahala, tunda akwai rigakafi? A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Allurar tarin shiƙa iri biyu ce. Akwai tsohuwa, mai ɗauke da ƙwayar gaba ɗayanta a mace, tana sa zazzaɓi da kumburin cinya kwana ɗaya ko biyu. Akwai sabuwa, wadda Japan ta fara a 1981, mai ɗauke da ƴan sassan ƙwayar kawai, ba ta cika sa zazzaɓi ba. Ƙasashe masu kuɗi suka koma wa sabuwar, Amurka a shekarun 1990, Ingila a 2004. Tun a lokacin, gwajin da aka yi a Niakhar ta ƙasar Senegal daga 1990 zuwa 1994, a kan jarirai wajen 4,000, ya nuna tsohuwar ta fi kariya. Daga baya aka gane ƙarfin sabuwar yana saurin sanyi. A 2014 kuma masana a Amurka suka nuna a jikin birai irin bika cewa sabuwar tana hana biri rashin lafiya amma ba ta hana ƙwayar zama a hancinsa, har ya shafa wa na kusa da shi. Tsohuwar ta fi saurin korar ƙwayar, amma ita ma ba ta rufe ƙofar gaba ɗaya. Ga shi a 2024 Ingila ta ga mutum sama da 14,000 da cutar, jarirai aƙalla goma suka mutu.

Mu a Nijar tsohuwar ce ke cikin allurar penta da ake yi wa yara a cinya. Zazzaɓin nan da ke sa wasu iyaye su ƙi komawa ta biyu, alamar irin da ya fi ƙarfi ne, ba alamar an ba mu na banza ba. Amma tambayar da ta rage ɗaya ce gare mu da su: ina allurar da za ta hana babba ɗauko ƙwayar a hanci ya kawo wa jariri? Ba za ka san amsar ba sai ka yi wa mutum rigakafi, ka sa masa ƙwayar, ka ga ko ta zauna. In jira za ka yi cutar ta zo da kanta, sai ka bi dubban mutane shekaru. In ƴan sa-kai ne, mutum ƴan gomomi sun isa cikin watanni. Da wannan hanya aka gwada wani sabon rigakafi mai suna BPZE1, wanda ake fesawa a hanci, da aka ƙirƙiro a cibiyar Pasteur ta Lille a Faransa, kuma sakamakon ya nuna yana rage zaman ƙwayar. Har yanzu bai shigo kasuwa ba.

Kada kuma a ɗauka mu ƴan kallo ne kawai. Allurar zazzaɓin cizon sauro da Nijar ta sa cikin jadawalin yara a 2024, a jikin ƴan sa-kai aka fara ganin amfaninta a Amurka cikin shekarun 1990, mutanen da suka miƙa hannu sauro mai cuta ya cije su. An yi irin wannan gwaji na zazzaɓi a Tanzaniya da Kenya da Gabon da Mali. Nan kusa da mu kuwa, a Madarunfa ta jihar Maraɗi, daga 2014 zuwa 2015, jarirai sama da 3,500 suka shiga gwajin rigakafin gudawa da cibiyar Epicentre ta likitocin MSF ta yi tare da ma'aikatar lafiya. Wannan ba a sa wa kowa cuta ba, an ba rabi maganin, rabi ruwan da ba komai ciki, aka jira a gani. Ya rage gudawa mai tsanani da kashi biyu cikin uku, kuma yana jure zafi, abin da ya fi komai muhimmanci a ƙauyen da ba firiji. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Iyayen Madarunfa sun ba duniya wani abu, ko an gode musu ko ba a gode ba.

Saura tambayar ɗan kabu-kabu, kuma ni a ganina ita ce mafi nauyi a duk hirar. Jaridun Ingila sun ce wajen fam 3,500 aka ba mutum a zagayen farko na gwajin Southampton, sama da miliyan biyu da rabi na sefa. Ga ɗalibin Ingila wannan ladan ɓata lokacinsa ne, zai iya ɗaga kafaɗa ya wuce. A kawo wannan adadi Zango ko Kara-Kara ko Garin Malam a watan da hatsi ya yi tsada, wa zai tsaya karanta takarda? Takardar ma da Faransanci za ta zo. Bawa da fursuna ba su da bakin ƙi, mai yunwa ma bakinsa bai cika nasa ba. Shi ya sa a ƙasashen Afirka da aka yi irin wannan gwaji, kwamitocin ɗa'a suka fi daɗewa a kan maganar kuɗin, kada ya yi kaɗan ya zama raini, kada ya yi yawa ya zama tarko. In wata rana aka zo mana da shi, ni abin da zan fara tambaya ke nan: wa ya fassara bayanin zuwa Hausa da Kanuri da Tamashek, wa ya ji an karanta shi da ƙarfi, wa zai ɗauki nauyi in wani ya kwanta bayan an watse, kuma in allurar ta yi kyau, a nawa za a sayar mana da ita.

A halin yanzu dai abin da ke hannunmu shi ne penta, mako na 6, na 10 da na 14, kyauta. Allura ɗaya ce ke tsare tarin shiƙa da tsinkau-tsinkau da ciwon hanta da wani nau'in sanƙarau da kuma mashaƙo, wanda muka ga abin da ya yi a Matamaye a 2023, mafi yawa a yaran da karnensu bai cika ba. Jaririn da bai kai mako shida ba kuwa ba shi da allura ko ɗaya ta tari, kuma a ranar suna kowa sai ya ɗauke shi, har da baƙon da ke cewa ɗan tari ne kawai ya dame shi wata guda ke nan.